Zan Rufe Shago, Ina Zan Kai Tsohuwar Kyanwata?

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, ko da za ki yi mini dariya kamar yadda 'ya'yana suka yi.

Ni tela ne, shekara talatin da ɗaya a shago guda. Yanzu yanar ido ta rufe mini gani, zare ma sai na laluba, don haka ƙarshen wata zan rufe in koma wurin babban ɗana. Damuwata kyanwata ce. Shekararta goma sha uku a ƙarƙashin teburin yanka, cikin kwalin ƙyallaye. Masu kawo ɗinki suna kiranta Amarya, don da ta ji sallama sai ta ɓuya. Ni kaɗai take yarda in taɓa ta, ni ɗin ma sai na tsayar da keken ɗinki. Haƙoranta sun zube, sai an jiƙa mata abinci. Ɓera kuwa ya wuce ta gabanta, kallo kawai take binsa da shi.

Gidan ɗana ba za ta shiga ba. Jikata tana da asma, kuma likita ya hana.

Mutum biyu sun ce suna so. Maƙwabcina mai sayar da hatsi yana neman mai kama masa ɓera, ni kuma, Allah ya yafe mini, ban gaya masa ta yi ritaya ba. Sai ƙanwata, mai tausayi ce ƙwarai, amma jikoki biyar ne a gidanta, ko akuya ba sa bari ta huta. Ɗana ya ce in bar ta kawai, wai kyanwa ba ta rasa abinci a kasuwa. Na kasa.

Tsohon Tela

Baba, ban yi dariya ba. Dabbar da ta zauna da kai shekara goma sha uku amana ce a wuyanka.

Kada ka bar ta a kasuwa. Ɗanka sauƙi yake nema maka, amma kyanwa marar haƙora ba za ta yi wata guda a titi ba.

Shagon mai hatsi yana da shiru, kuma unguwar da ta sani ce. Sai dai ma'aikaciya yake nema. Ranar da ya ga buhu a huje, ita za ta sha tsawa, kai kuma ka ji kunya. Ka gaya masa gaskiya gobe.

Ni ƙanwarka na zaɓa, da sharaɗi ɗaya: ta ware mata ɗaki mai ƙofa, ko da na ajiyar kaya ne, inda yara ba sa shiga. Ka kai ta tun yanzu, kada ka jira ranar tashi. Ka tafi da kwalinta yadda yake, kada a wanke ƙyallayen, ka ƙara da tsohuwar rigarka don ta riƙa jin ƙamshin da ta saba. A ajiye ruwa, abinci da kwanon yashi na bayan gida kusa, mutum ɗaya ya riƙa shiga. Kafin nan likitan dabbobi ya duba bakinta.

Za ta ɓuya, wataƙila mako biyu. Kada kowa ya jawo ta. Amma in ta kwana biyu ba ta ci ba, a koma wurin likita.

Ka riƙa zuwa kana zama a ɗakin, ka yi ta hirarka da ƙanwarka. Ranar da ta fito ta kwanta a fili alhali ba ka nan, ka sauke nauyinka.

Allah ya ba ka lafiyar ido, Baba, ya sa hutun ya karɓe ka.