Ranar da Na Hau Rufin Inna

Jajaye, Ƙaramar Hukumar Rogo.

Zuwa ga Yayana Maharazu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka, kamar yadda muke nan. Yaya Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Mu nan bazara ta sako mu gaba, amma Baba garau yake, har ya fara sharar gona. Allah Ya ƙara mana lafiya baki ɗaya, amin.

To Yaya, gyara zama, yau da bakina na zo! Tun da ka sa aka sauke rufin ƙasa na ɗakin Inna aka buga kwano, Allah Ya saka maka da alheri, yoyo ya ƙare, amma ɗakin ya koma tanda. Ba barci, ga ƙurajen zafi, ga hawan jininta ya ƙi sauka. Da saƙonka ya iso cewa bayan Sallah za ka turo mota ta koma wurinka, wuni ta yi tana kuka, ta ce ita da barin Jajaye sai dai a ɗauki gawarta. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce ashe aikin da na koyo a Karaye, na gyaran gidaje don su yi sanyi su rage cin wuta, na ado ne?

Na nemo abokan aikina maza biyu, Baba ya ce atafau ba za su hau ba. Ka san duk wanda ya hau rufin nan yana hango tsakar gidan maƙwabcinmu Malam Shitu, sai an yi shela mata sun shige ɗaki. Shi kuwa tun lokacin buga kwano, da matansa suka wuni a kulle babu girki, ya rantse ba za a sake ba. Sai na ce wa Baba to ai ni mace ce, wa zai ɓuya mini? Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi dai bai taɓa ganin mace a kan rufi ba, amma kuma bai san inda aka hana ba. Da labari ya kai wa Malam Shitu, dariya ya yi, ya aiko mini da tsaninsa.

Kai da kake tsokanata wai ko kujera na taka sai jiri ya ɗebe ni, ina ma kana nan! Na ɗaure zani a kan wando, na yi bisimilla na hau. Na shafe kwanon da farin fenti don ya riƙa mayar da rana. Daga ciki na shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa, sannan na buga silin. Tagogin da Inna ta cusa wa tsumma saboda sauro na buɗe su na sa raga, na huda wata ƙaramar taga can sama inda zafi zai fita, na kafa mata fanka mai aiki da sola. Lauratu, uwargidan Malam Shitu, tana tsakar gida tana daka tana yi mini guɗa, har ta ce nasu ɗakin ne na gaba.

Ranar da na gama, Inna ta shiga bayan azahar wai za ta ɗan kishingiɗa. Yaya, da ƙyar aka tashe ta sallar la'asar! Na tsaya bakin ƙofa ina jin minsharinta, hawaye na zubo mini don murna. Makon jiya aka auna ta a asibiti, aka ce jinin ya sauka sosai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu ma yanzu mun san namu. Ta ce in gaya maka motar nan ka turo ta, amma ka cika ta da jikokinta su zo hutu, don ita tana nan daram a ɗakinta.

Ka gaishe mini da Anti Hamida, da Mujahid, da 'yar lelena Bahijja. Baba da Inna suna sa muku albarka. Allah Ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Mas'uda.