Ƙwayar Cuta Ɗaya Ta Kwantar Da Kaka Da Jikarsa

Anti, don Allah ki warware mini wannan, kaina ya ɗaure.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Surukina, tsohon direba da muke kira Baba, tare muke zaune. Ba shi da abokiyar hira sai autata mai shekara biyu, wadda yake kira amaryarsa. Da cokali ɗaya suke cin abinci, a tabarmarsa take barcin rana ina jin minsharinsu daga kan keke.

Watan jiya zazzaɓi ya rufe ta, wuyanta ya sanƙare. A asibiti aka ce sanƙarau ne. Muna can sai Baba ya kama tari da haki, shi ma aka ba shi gado, wai ciwon huhu ne har ya shiga jini. Da gwaji ya fito, likita ya ce ƙwayar cuta ɗaya ce, wai nimokokas. Alhamdulillahi, duk sun tashi.

To ta yaya abu ɗaya zai je kan wannan, ya je ƙirjin wancan? Me ya sa ya tsallake ni da maigidana, ni da nake share mata majina da hannuna? Wa ya shafa wa wani? Maigidana ya hana su haɗuwa. Baba ya ɗauka shi ne sila, abinci ma sai ya tsakura ya ture. Ita kuma kullum tana bubbuga ƙofarsa.

Maman Auta

Maman Auta, sannu da jinya, Allah ya ƙara sauƙi.

Wannan ƙwayar tana zama a hanci da maƙogwaron mutane da yawa masu ƙoshin lafiya, musamman ƙananan yara, ba tare da ta yi musu komai ba. Sai ta sami kafa take kutsawa: in ta sauka huhu, ciwon huhu, in ta bi jini ta kai rufin ƙwaƙwalwa, sanƙarau. Ta fi kayar da yaran da garkuwar jikinsu ba ta nuna ba, da tsofaffin da tasu ta gaji, sai masu sikila, ciwon suga, ƙanjamau ko shan taba. Ku masu tsaka-tsakin shekaru wataƙila ta biyo ta kanku, jikinku ya kore ta.

Wanda ya fara kuwa, ba mai iya rantsewa. Sau da yawa ma daga yara take zuwa ga manya, don haka Baba ya sauke wannan kayan.

Tsoron maigidanki tsoron uba ne, kada ki ga laifinsa. Ku koma wurin likitan tare, ya ji da kunnensa. Ku tambaya ko rigakafin Auta ya cika, ko akwai wanda ya dace da Baba, a kuma gwada jinta, don sanƙarau yakan taɓa kunne. A raba cokali, a riƙa wanke hannu, a nisanta su da hayaƙi, mai mura ya ɗan ja baya.

Amma tsohon da ya daina cin abinci ya fi zama cikin haɗari. In likita ya amince, a buɗe ƙofar nan, a mayar wa ango amaryarsa. Allah ya bar su tare.