Awa Biyu da Rabi Daga Kano Zuwa Jidda

Zuwa ga yayana Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a duk inda kake. A nan shafina na intanet na rubuta, inda kowa zai gani, domin yau kwana goma sha tara wayarka ba ta shiga.

Ranar da ka tafi, ka kira Inna da ƙarfe sha ɗaya na safe, ka ce kuna shiga jirgi a Kano. Ƙarfe ɗaya da rabi ka sake kira, ka ce kun sauka Jidda, har wanda za ku yi wa aiki ya zo tarbarku. Inna ta yi sujada a tsakar gida. Ni kuwa agogo na duba.

Yaya, tsakanin Kano da Jidda ya haura kilomita dubu uku. Jirgin da bai tsaya ko'ina ba yana cin fiye da awa huɗu. Na nema maka uzuri, na ce ko bambancin lokaci ne ya rikita ni. Amma da agogon bangonmu na Sabon Birni na auna duka kiran biyu.

Ka san halina. Tun kana ɗauko ni a babur daga makaranta a garin Isa kake cewa, “Ke Hadiza, ko gaishe ki aka yi sai kin auna.” Na ce ƙila halin ne ya motsa.

Sai saƙon muryarka na ƙarshe. A bayanka ana kiran sallar magariba, kai ma ka ce za ka tashi ka yi alwala. Saƙon ya shigo ladaninmu na tsakiyar nasa kiran. Rana tana faɗuwa a Jidda kusan awa biyu kafin ta faɗi mana. Duk inda kake, rana ɗaya ke faɗuwa a kanmu tare. Ina da zato, amma ba za ni rubuta abin da ba ni da hujjarsa ba.

Inna ba ta sani ba. Mata na shigowa yi mata barka, kowace da saƙon addu'ar da za ka kai mata Ka'aba, ni ake sa wa in rubuta sunayen.

Ga abin da ya sa na kasa ci gaba da shiru. Kawu na Gangara zai zo ranar Juma'a. Yana so ya miƙa fasfon ɗansa Bashiru ga mutumin da ya shirya maka tafiya, tunda kai ka dace. Matar Bashiru cikinta wata takwas. Shaidar Inna kawai Kawu ke jira, ita kuma ni za ta waiwaya ta tambaya.

Idan kunya ce ta hana ka faɗa, wallahi ba wanda zai yi maka dariya a gidan nan. Idan kuwa tsaye ake a kanka kana magana, to ban riƙe ka da ƙarya ba, Yaya. Turo mini sunan gari kawai. Ko ka kira ko ba ka kira ba, ranar Juma'a za ni faɗa wa Kawu kada ya ba da fasfon. Kafin nan za ni zaunar da Inna in gaya mata da bakina.

Allah Ya tsare ka a inda Shi kaɗai Ya san kake, Ya ba Inna ƙarfin ji, Ya maido mana kai da ƙafarka.

Ƙanwarka,
Hadiza