Ƙuri'ata da Hannuna

Vientiane, Yuni 2016

Ƙanena Desmond,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da matarka Noelene kuna lafiya, tumaki kuma sun sami ciyawa a Dubbo. Ni lafiya lau, ina nan ina koyarwa. Idon kuwa ɗan hazo ne kawai, kada ku damu.

Na karanta kukanka cewa sabuwar dokar zaɓen Majalisar Dattawa za ta kashe ƙaramar jam'iyyarku mai cewa gwamnati ta cire hannu daga rayuwar mutane. Ni murna na yi, domin jam'iyyu sun daina cinikin ƙuri'ata a bayan idona.

Jiya na yi zaɓe a ofishin jakadancinmu. Ma'aikaciyar ta ce, "Iya, yanzu sa lamba a gurbi goma sha biyu na takardar zaɓe ya wadatar. In cike miki?" Na ce, "'Yar nan, ba ni fensirin." Na jera 'yan takara fiye da ɗari bi da bi, daga wanda na fi so, da tabarau biyu, sa'a biyu cur. Ɗan takararku ya zo na casa'in, albarkacinka.

Batun ɗakin da ka kama mini a gidan tsofaffi kuwa, kai da kake wa'azin a bar kowa ya zaɓa wa kansa, ka fara da yayarka. Ba zan dawo ba.

Allah ya yi muku albarka. In za ka ba ni amsa, ka rubuta da manyan baƙaƙe.

Yayarka,
Winsome