Akuyar Adawiyya

Litinin, 5 ga Mayu, 2025

Kai mai leƙen littafin tsohuwa, tunda ka leƙa sai ka biya: mece ce ake binnewa ba ta mutu ba, ba wanka ba salla, kuma aikinta ba ya farawa sai an daina ganinta?

Yau Kalilu, jikana kuma angona na ƙarya, ya gama cike sabon ɗakina da jar ƙasa. Tsohon ɗakin danshi ya cinye shi, ni kuma tari. Ya ce ran da ya zuba kankare, washegari zai bi ta Mai'adua ya wuce Aljeriya neman aikin gini. Na ce wane irin ango ne wannan, ya yi ɗaki ya gudu? Dariya kawai ya yi. Shi kaɗai ɗana marigayi Ya'u ya bar min.

Laraba, 7 ga Mayu

Ya baza yashi mai laushi, ya shimfiɗa wata baƙar leda mai kauri, baki ya hau baki, ya manne da salatif. Wai ita za ta hana danshin ƙasa hawowa. Na ce ƙasa ma yanzu zane ake ɗaura mata? Ya ce, "Tsohuwa, huda ɗaya ta isa ta ɓata aikin. In da huda ba na zubawa."

Da bai faɗa min wannan ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Huda biyar. Na ce akuyar maƙwabciyarmu Adawiyya ce. Ba a zuba ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Ya liƙe, akuya ta dawo. Adawiyya ta rantse a ɗaure take tun jiya, har da ƙwalla. Na taya ta mamaki.

Kalilu ya tsuguna ya daɗe yana kallon hudar. Ya ce, "Wannan akuya dai da sanda take yawo." Na ce akuyoyin Daura sun waye. Bai yi dariya ba. Ni ma tawa ba ta fito daidai ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Tari. Ban fita ba.

Talata, 13 ga Mayu

Ya kawo min koko, ya zauna a bakin ƙofa, bai kalle ni ba. Ya ce wata nawa rabon da a kira shi aiki a garin nan, na sani ai. Ya ce motarsu ranar Asabar ce, ko an zuba ko ba a zuba ba. "Abin da ya rage a hannunki, Kaka, shi ne inda damina za ta same ki."

Da Kaka ya kira ni, ba tsohuwa ba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Akuyar ta tsinke da gaske, ta nufi ledar. Ban san ina da sauran gudu ba. Na wuni a bakin wurin da sandata, don inuwa ce ta fi kyau a can, ba don komai ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

An zuba kafin masallaci. Ina kallo baƙar ledar nan tana ɓacewa a ƙarƙashin kankare, kwano bayan kwano. Wani lungun ledar ya naɗe, na sa sanda na miƙe masa shi a hankali.

Lahadi, 18 ga Mayu

Ya tafi jiya. Bai ce yaushe zai dawo ba, ban tambaya ba. Ya ce a riƙa yayyafa wa daɓen ruwa safe da yamma kada ya tsage. Adawiyya ta ce za ta yi min, na ce ta je ta kula da akuyarta.

Hadari ya taso daga gabas. Na taɓa daɓen, ba alamar danshin ƙasa.

Amsar kacici-kacicin ita ce ledar ƙarƙashin daɓe. Tana nan, ba huda.