Ƙorafi a kan Taraktar da Ƙudan Zuma ke Gadi

Ƙungiyar Manoman Shinkafa ta Tungar Altine,
Bakin Tafki, Ƙaramar Hukumar Ngaski,
Jihar Kebbi.
Litinin, 26 ga Mayu, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Kula da Filayen 'Yan Gwangwan,
Yelwa, Yauri.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: WULAƘANCIN DA AKA YI WA MALAM ƊAHIRU SALLAU A FILIN TSOFAFFIN INJINAN GONA NA ALHAJI MAIKUƊI, DA ROƘON A HANA CINNA WA WATA TARAKTA WUTA RANAR ASABAR MAI ZUWA

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran 'yan kwamitinka, ni Ruth Daniel, sakatariyar ƙungiyar da aka ambata a sama, ina rubuto wannan takarda a madadin Malam Ɗahiru Sallau, direba kuma makanikin taraktarmu. Da so samu ne, da kansa zai zo gabanka. Amma a halin da ake ciki idonsa na hagu bai gama buɗewa ba, hannunsa na dama kuma yana ɗaure, kuma dukansu biyun a filin Alhaji Maikuɗi ya samo su.

Ya kamata in fara da bayanin taraktar, domin a san abin da ake magana a kai. Tarakta ɗaya tak muke da ita a Tungar Altine, ja ce, tsohuwa, ta girmi yawancin masu cin shinkafar da take nomawa. Gwaggo muke kiran ta. Malam Ɗahiru ya fara hawan ta tun gemunsa bai fito ba, yau ga shi gemun ya yi fari fat, kuma in ban da shi babu wanda take yarda ta tashi a hannunsa. Fadamarmu laka ce mai taurin kai. Shanun huɗa ba sa iya ta, fartanya kuwa sai dai ta yi tsalle ta dawo wa mai ita. In ba a kafce ta an shuka a farkon damina ba, farin ruwa, wato ambaliyar kogi da ke zuwa can cikin damina, zai taso ya tarar da shinkafa ba ta yi tsayin da za ta ɗaga kai ba, ya shanye ta. Wannan fadama ita ce tukunyar kowane gida a tungarmu, na Musulmi da na Kirista da na masu bin al'adar kakanni, har da gidajen matan da mazansu suka rasu.

Ranar Talata, 6 ga Mayu, Gwaggo ta tsaya cak a tsakiyar gona. Malam Ɗahiru ya duba ya ce famfon injekta ne, wato abin da ke raba wa inji man dizal, ya tsage. Sabonsa babu shi a kasuwa, kamfanin ma ya daɗe da daina ƙera irinsa. Ya nema a Kontagora, ya aika Jega, kowa ya ga tsohon famfon sai ya yi dariya ya miƙo masa abinsa. A ƙarshe wani direban tifa ya ce masa ya ga jajayen taraktoci irin tamu har uku a filin Alhaji Maikuɗi da ke bayan gari a nan Yelwa. Daga nan ne abubuwan da muke ƙorafi a kansu suka fara.

1. Saɓa alkawari a kan tarakta ta farko.

Ranar Litinin, 12 ga Mayu, Malam Ɗahiru ya isa filin, ya tarar da taraktocin uku kamar yadda aka faɗa masa. Ta farko tana kusa da ƙofa, famfonta lafiya lau. Ya yi sallama, ya rusuna ya gaida Alhaji Maikuɗi, duk da cewa a shekaru Malam Ɗahiru ya kusa haihuwar Alhajin. Amsar da ya samu, kuma na rubuta ta yadda aka faɗe ta, ita ce: “Mu ƙarhe mu ka saidawa bisa sikeli, ba mu hidda hanji mu bar gawa.” Sai da aka yi ta lallashi har azahar kafin Alhaji ya yarda zai sayar da famfon shi kaɗai. Aka yi ciniki, aka tafa, har aka shafa fatiha a gaban ma'aikatansa. Da Malam Ɗahiru ya nemi aron sifana ya kwance, sai aka ce filin ba ya ba da aron kayan aiki, ya je ya zo da nasa. Filin da sifanu ke zube a ƙasa ana taka su!

Bai yi musu ba. Ya koma gida ta jirgin ruwa, ya kwaso kayan aikinsa, washegari ya dawo. Abin da ya tarar a bakin ƙofa tarin gunduwa-gunduwa ne. An sa wutar gas an yanka taraktar, kuma harshen wutar ya bi ta tsakiyar famfon da aka shafa wa fatiha. Alhaji bai ko miƙe daga kujerarsa ba, ya ce tirelar da ke kwasar ƙarfe zuwa kudu ba ta jiran kowa. Kalmar haƙuri ba ta fito daga bakinsa ba.

2. Farfasa famfo na biyu bayan an sha wahalar tono shi.

Tarakta ta biyu tana can ƙarƙashin tarin tsofaffin garmuna da gangunan inji da ƙafafun tirela. Alhaji ya ce in Malam Ɗahiru zai iya kaiwa gare ta, bismilla. Ranka ya daɗe, mutum ne da ya ba saba'in baya. Ranar Alhamis, 15 ga Mayu, ya wuni cikin ranar nan ta Yelwa yana janye ƙarafa ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata na zaune a inuwa suna kallo suna cin gyaɗa. A nan ne wani faifan garma ya zame ya tsarge masa tafin hannu. Ya yage bakin rawaninsa ya ɗaure, ya ci gaba. Da la'asar sakaliya ya kwance famfon, ya goge shi da rigarsa, ya juya shi ya ji yana juyawa sumul. Ya faɗa mana cewa a wannan lokacin har ƙamshin sabuwar huɗa ya ji a hancinsa.

Sai aka ce masa Alhaji ya fita, kuma doka ce ba a fitar da ko ƙusa daga fili in ba ya nan. Ya roƙa a bar shi ya jira, aka ce za a rufe ƙofa. Ya ajiye famfon a gindin kujerar Alhaji da hannunsa, ya lulluɓe shi da buhu, ya nuna wa kowa, ya tafi ya kwana a gidan wani ɗan'uwansa a cikin gari.

Da safe ya tarar an sa guduma an farfasa shi. Dalili kuwa, wai jikin famfon alminiyam ne, cikinsa kuma ƙarfe, kowanne da tarinsa. Babu wanda ya amsa cewa shi ya yi. Malam Ɗahiru ya durƙusa ya tsince gutsattsarin a cikin hularsa, ya zo mana da su har Tungar Altine, ya zube su a kan tabarma. Ni da ke rubuta wannan takarda na san mutumin nan tun ina goye, ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan. Ina neman afuwa in wannan bai dace da takardar ofis ba, amma abin ya ƙona mini rai, kuma har yanzu yana ƙona mini.

3. Hana mu ceto famfo na uku, wanda shi ne na ƙarshe.

Tarakta ta uku tana can ƙuryar fili, gindin wata tsamiya. Dalilin da ya sa har yau wuta ba ta taɓa ta ba shi ne, ƙudan zuma sun yi gida a ƙarƙashin murfin injinta. Masu yankan ƙarfen nan da ba sa jin roƙon dattijo, su dai ƙudan zuman suna jin maganarsu sarai, ko kusa da tsamiyar ba sa zuwa.

Ranar Talata, 20 ga Mayu, Malam Ɗahiru ya koma, duk da matarsa Inna Yasira ta ɓoye masa takalma don kada ya je. Ya lulluɓa da buhu, ya rarrafa har gefen injin ya leƙa. Ƙudan zuman sun harbe shi a fuska da wuya har ba a gane shi, amma ya ga abin da ya je gani. Famfon yana nan garau, da bututunsa duka, ko tsatsa bai yi ba. Ya fito yana tangaɗi, ido a kumbure, yana murmushi. Alhaji Maikuɗi ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce: “In kana iyawa da masu gadin, tahi ka ɗauka.”

Mun ɗauki wannan a matsayin izini. Ranar Alhamis, 22 ga Mayu, ni da kaina na raka shi, tare da Malam Tamada, mai sana'ar zuma daga wajen Shanga, wanda kowa ya san yana kwashe ƙudan zuma da hayaƙin kashin shanu ya mayar da su cikin amya ba tare da an yi ɓarna ba. Aka tare mu a ƙofa. Da farko aka ce ba a shiga da hayaƙi cikin fili saboda gudun gobara, alhali wutar gas na ta huci a bayan mai maganar. Da muka nuna masa haka, sai Alhaji ya ce ai zumar da ke ciki tasa ce. Muka ce ya riƙe ta duka, har da saƙar, mu kawo masa ƙwarya ma in ba shi da ita. Sai ya ce shi dai ya gaji da zaryarmu, kuma ya riga ya yanke shawara: ranar Asabar, 31 ga Mayu, zai sa a zagaye taraktar da tsofaffin tayoyi a cinna wuta, ƙudan su watse, a yanka ta, domin tirela na zuwa ranar Lahadi.

Ranka ya daɗe, wutar taya ba za ta bar famfon nan da rai ba. Robobin cikinsa za su narke, jikinsa ya lanƙwashe. Ban da haka, akwai gidajen mutane a bayan katangar filin, kuma ƙudan zuman da aka ƙona wa gida ba sa tambayar wanda ya kunna ashana.

4. Cin fuska.

Wannan gajere ne, amma shi ya fi yi wa Malam Ɗahiru ciwo. Muna juyawa za mu tafi, Alhaji ya ɗaga murya a gaban jama'a ya ce, maimakon wannan wahala, mu turo masa tamu tsohuwar ya ɗora ta a sikeli, mu huta. Tun daga ranar Malam Ɗahiru bai ƙara zama majalisa ba. Kullum yana gindin Gwaggo yana goge ta, yana duba sama. An riga an yi ruwan fari, ƙasa ta yi laushi daidai huɗa, maƙwabtanmu sun fara shuka. Mata kan biyo ta wurinsa da safe su gaishe shi, ba sa tambayar komai, shi ma ba ya ɗaga kai.

Ba mu ce Alhaji Maikuɗi ya daina sana'arsa ba. Fili nasa ne, ƙarfe nasa ne, kuma ba kyauta muka nema ba. Amma kwamitinka ne ya ba shi izinin zama a wurin, kuma mun san cewa in kai ka yi magana zai ji. Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, muna roƙon:

(a) A umarci Alhaji Maikuɗi ya dakatar da cinna wutar nan ta ranar Asabar.

(b) A ba Malam Tamada izinin shiga da yamma ɗaya kafin ranar, ya kwashe ƙudan zuman, Malam Ɗahiru kuma ya kwance famfon ya biya ya fita da shi a take, a gaban wakilin kwamitinka, domin mun ga abin da kwana ɗaya ke yi wa famfo a filin nan.

(c) A ja kunnen masu filayen gwangwan su riƙa barin manoma su duba tsofaffin injina kafin a sa musu wuta.

Maganar neman gafara kuwa, na tambayi Malam Ɗahiru ko in sa ta a cikin roƙonmu. Ya ce in bar ta, shi famfo yake so.

Ranka ya daɗe, famfo uku muka tarar a filin nan. Na farko mun bar shi a hannun alkawari, aka yanka shi. Na biyu mun bar shi a gindin kujerar mai fili, aka farfasa shi. Na uku kaɗai ya rage, kuma ƙudan zuma ne suka tsare mana shi har zuwa yau, ba su san mu ba, ba mu roƙe su ba. Daga ranar Asabar ba za su iya ba. Muna roƙonka ka karɓi gadin daga hannunsu.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da adalci.

Taka cikin biyayya,

Ruth Daniel,
Sakatariya, Ƙungiyar Manoman Shinkafa ta Tungar Altine.

An karanta wa Malam Ɗahiru Sallau wannan takarda daga farko har ƙarshe, ya ce haka aka yi. Ya dangwala da babban yatsansa na hagu, saboda na dama yana ɗaure.