Zaren Kumatuna da Bakin Malam Chindo

Assalamu alaikum Tanti Basira. Don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zuciyata ke raya mini, don na kai inda ko salla nake yi tsarin ramuwa nake a raina. Na canza sunayen mutane. Garin ma ba zan faɗa ba, yana dai tsakanin Agiye da Gazawa, kuma duk mai cin kasuwar Gangara ya riga ya ji zancena.

Shekaruna hamsin da ɗoriya, ni ce shugabar matan garinmu masu tatsar man gyaɗa. A zaɓen konseyoyi, wato kansiloli, da aka yi kafin na shugaban ƙasa, jam'iyyarmu ta tsayar da ni, Allah ya ba ni kujera. Yanzu da zaɓuka suka ƙare, farar hula ya miƙa wa farar hula mulki lami lafiya, saura mu konseyoyi mu zauna a meri, wato ma'aikatar magajin gari, mu zaɓi magajin gari da mataimakansa. Kujerar mataimakiya nake nema, wadda mace ba ta taɓa zama kanta ba a wurinmu. Zaman ya ƙarato, kuma har kwanan baya ƙuri'una a hannu suke.

Lokacin kamfe an manna hotona jikin kowane bango. Mai hoton nan, Allah ya isa tsakanina da shi, da rana tsaka ya ɗauke ni, kumatuna sun zubo kamar buhun da aka juye wa gero. Samarin ɗaya jam'iyyar suka laƙaba mini Kaka Konseye. A gaban mutane dariya nake yi, amma abin ya ci mini rai ƙwarai. Sai ɗiyar ƙanena da ke aiki a Yamai ta ba ni labarin wani kilinik inda ake ɗaga kumatu ba tare da yanka ba. Allura ake sawa ta gefen kunne, a zura wani siririn zare a ƙarƙashin fata a ja naman sama, zaren kuma da kansa yake narkewa a hankali. Na shawarci maigidana, ya ce fuskata ce, kar dai in dawo masa da wata mace daban. Na ɗauki aminiyata Delu ta raka ni. Tun muna ƴan mata muna tallan ƙuli-ƙuli muke tare da ita, ko uwata ba ta san cikina kamar Delu ba. Mutanen gari kuwa na ce musu haƙori zan je in cire. To me zan ce? In tara su a gindin itacen bedi in yi musu bayanin zare?

Da aka gama, lokotoron, wato likitar da ta yi aikin, ta kafa mini dokoki. Kar in wage baki, kar in ƙyalƙyale da dariya, kar in tauna abu mai tauri, kar in murza fuska, in kwana rigingine, kuma kar in sunkuyar da kai ƙasa sai kumburi ya saɓe. Ni da nake gwaguyar rake kamar ɗan yaro, na koma kunu da fate. Alwala sai in shafa ruwan a hankali kamar ina wanke jinjiri. Salla kuwa na tambayi malami tun a Yamai, ya ce mai lalura na iya yi zaune yana ishara da kai, haka na riƙa yi. Na dawo gida fuska a kumbure, gefen kunne ya yi ɗan baƙi, kumatun dama ya lotsa wuri guda, fatar ta ɗaure tana jan gefen bakina sama. Ko raina a ɓace yake, wanda ya kalle ni sai ya ce murmushi nake.

Akwai wani dattijo cikinmu konseyoyi, Malam Chindo, wanda ya rantse tun kafin zaɓe cewa mace ba za ta zauna gabansa a meri ba. Kowa ya san ba ma ga maciji. To a cikin satin da na dawo, bawan Allah ya wayi gari bakinsa ya karkace gefe guda, ido ɗaya ba ya rufuwa, in ya sha ruwa sai ya dalalo. Na ce ciwo ya wuce siyasa, na ja mayafi na je gaishe shi. La'asar ta riske ni a can, na yi sallata zaune a tsakiyar matansa da ƴan dubiya, na yi masa addu'a na tafo gida.

Kashegari gari ya ɗauka. Wai na je Yamai an ɗinke mini bakin Chindo da allura da zare. Wai bakin zaren ɗaya yana cikin kumatuna, ɗayan yana cikin nasa, shi ya sa da nawa ya hau sama nasa ya karkace. Wai aljanun da aka haɗa ni da su ne suka hana ni sa goshi a ƙasa, kuma ba dubiya na je ba, aikina na je kallo, ga shi kowa ya ga ina murmushi bisa kan majinyaci. Innalillahi! Ni da na sauke farali sau biyu, ni ce yau ake ce wa mai ɗaurin baki.

Duk garin nan babu wanda ya san kalmar zare sai ni da maigidana da Delu. Maigidana ko kazarsa ta ɓace ba ya gaya wa maƙwabci. Wata daga cikin matan ƙungiyarmu ta zo ta rantse mini cewa a wurin injin niƙa ta ji Delu da bakinta tana cewa ita ta ga allurar da idonta, doguwa kamar basilla, ta ga ana jan zaren. Munafukar Allah! Ni na ciyar da ita a hanya, ni na riƙe mata hannu muka tsallaka titin Yamai tana rawar jiki. Tun da zancen ya fito ba ta tako gidana ba, in mun haɗu a hanya sai ta sauya kwana.

Yanzu konseyoyi biyu da suka yi mini alkawari ba sa ɗaukar wayata. Na aika wa maƙwabciyata tuwo, an ce awaki ta zuba wa. Mata na janye goyonsu in na gifta. Iyalan Chindo kuwa suna ta yawo da shi daga wannan malami zuwa wancan, ana neman wanda zai tsinke zaren. Yayar maigidana har cewa ta yi in kira wanzami ya zaro abin a gaban jama'a kowa ya huta, kuma wani lokaci sai in ji kamar in yarda.

Da farko na so in je ƙofar gidan Delu in yi mata tas, in tara mata unguwa. Na ɗaura zane na tashi, ina buɗe baki na ji wani abu ya soke ni daga kunne har haɓa, dole na koma na zauna ina hawaye. Ko zagi an hana ni. A zaunen nan na tuna cewa raɗa ba ta buƙatar wage baki.

Delu na da ɗiya, Zahra'u, wadda aka sa wa ranar aure da wani yaro ɗan Gidan Rumji. Yarinyar na da farfaɗiya tun tana ƙarama. Ni nake raka su Maraɗi karɓo magani, mu ce sarin atamfa muka je, kuma ciwon ya daɗe bai tashi ba. Dangin mijin ba su sani ba. Uwar yaron tana zuwa kasuwar Gangara sarin mai, a wurina take saye. Kalma ɗaya zan sa mata a kunne ina auna mata mai, shi ke nan. Ina so Delu ta ɗanɗana yadda ake ji in aminiya ta kwance wa mutum zane a kasuwa. Ina so ta fito ta ga ana nuna ta da baki kamar yadda ake nuna ni. Yarinyar ni na yanke mata cibi, na sani, amma wallahi in na tuna injin niƙan nan sai in ji ban damu ba.

Tanti, kasuwa na zuwa kafin zaman meri. Ki gaya mini ta yadda zan wanke sunana in ceci kujerata, kuma in kin ce kar in rama, to ki gaya mini inda zan kai wannan wutar.

Mai Zare a Fuska, daga yankin Gazawa.

AMSAR TANTI BASIRA

Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Sannu da jiki, sannu da wannan ɓacin rai. An zalunce ki, ba zan rage miki komai ba. Ki ƙawata fuskarki da sanin mijinki, ki je dubiya da zuciya ɗaya, a wayi gari ana ce miki matsafiya, wannan abu ne mai ciwo.

Bari in fara da fuskar. Kar wanzami ya kusance ta, ko da garin duka zai taru ya roƙe ki. Kumburi, ɗaurewa da ƴar lotsawa sukan biyo bayan wannan aiki kuma sukan lafa da kansu, amma sukar da kika ji ranar da kika wage baki ki kira lokotoronki ki gaya mata yau. In wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ko yana fitar da ruwa, ko zazzaɓi ya kama ki, ki koma kilinik ba tare da jira ba. Ki tambaye ta kuma ko lokacin sa goshi a ƙasa ya yi, don ina zaton ya kusa.

Delu ta ci amana, wannan babu tantama. Amma ki duba abin da aka rantse miki ta faɗa: ta ga allura, ta ga zare. Ba a ce ta ambaci Chindo ba. Mace ce da titin Yamai ma ya sa ta rawar jiki, aka zura wa aminiyarta basilla a fuska tana kallo. Mai yiwuwa cikinta ne ya kasa riƙe abin mamaki, gari ya ƙarasa sauran, yanzu kunya ta hana ta haɗa ido da ke. Mai yiwuwa kuma hassada ce. Ba za ki sani ba sai kin aika an kira ta, kun zauna ku biyu a ɗaki.

Zahra'u kuwa ki cire ta daga wannan rigima kwata-kwata. Ba ta je injin niƙa ba. Ya kamata dangin mijinta su san lalurarta kafin aure, amma uwarta ce za ta faɗa, cikin mutunci, da bayanin likita. In kika raɗa shi bisa mudun mai, kin san abin da gari zai yi da shi, irin abin da ya yi da zarenki ne. Za a ce aljanu gare ta. Ke da kika san zafin wannan ƙazafi, ki ɗora shi kan yarinyar da kika yanke wa cibi? Kuma ranar da auren ya watse, masu shakka ma za su ce lalle matar nan duk wanda ta sa wa ido sai ya lalace. Kujerar da kike son ceta, a ranar za ki binne ta.

Akwai wanda kika ambata kika wuce, shi ne Malam Chindo. Karkacewar baki ciwo ne da ke son likita da gaggawa, ko na jijiyar fuska ne ko na hawan jini, kuma idon da ba ya rufuwa na iya lalacewa. Ana yawo da shi neman mai tsinke zaren da babu shi, lokaci na tafiya. Ki sa maigidanki da limamin gari su je su roƙi iyalansa a kai shi asibiti, ba don ƙuri'a ba.

Sai abu mai wuya. Gari ya ƙirƙiri labari ne don kin ba shi haƙori, Delu ta ba shi zare, biyun ba su haɗu ba. Ki tara matan ƙungiyarku a gidanki, ki sa Delu a gefenki tunda ita ce shaida, ki ɗaga ɗankwali ki nuna musu inda allura ta shiga. Ki ce musu hoton kamfe ne ya ba ki haushi, kika je kika yi kwalliya. Haka za ki gaya wa konseyoyin nan biyu, ido da ido. Na lura duk tsawon wasiƙarki kin yi tunanin wanzami, kin yi tunanin zagi, kin yi tunanin kashe aure, amma ba ki yi tunanin wannan ba. Ina jin a ranki gara a ji tsoronki da a yi miki dariya. To za su yi, har su riƙe ciki, wata ma za ta biyo ki zaure ta tambayi inda kilinik ɗin yake. Mutane na zaɓen wadda suka yi wa dariya, amma wadda suke janye wa goyo ba sa ba ta kujera. Ban yi miki alkawarin meri ba, sunanki dai zai dawo.

Ranar kasuwa ki auna wa uwar yaron nan man da ta zo saye, ki yi mata gyara, ki tambaye ta shirin biki. Allah ya ba ki lafiya, ya ba Malam Chindo lafiya, ya sanyaya miki zuciya. Ya sa zaren ya zauna daram kafin ranar auren Zahra'u, don a samu mai rangaɗa mata guɗa.

Taku, Tanti Basira.